Fanar Ɗin Da Aka Daina Kunnawa

Tun da motar Mus'ab ta fita daga unguwar Bani Malik ta Jidda ta miƙi titin arewa, idon Najwa na kan taga. Tana kujerar baya kusa da mahaifiyarta, ta rungume filas ɗin shayi kamar an ce za a ƙwace mata. A gaba kuwa mahaifinta, Malam Muntaka, sai zuba hira yake da Mus'ab, ɗan yayansa, hirar tsadar haya da zafin bana, kai ka ce shan iska kawai aka fito.

Alhali kowa a motar ya san ba shan iska ba ne.

Sau uku Mus'ab yana aiko da maganar aurenta, sau uku tana cewa a ƙara mata lokaci. Jiya da hantsi Malam Muntaka ya kira ta falo ya kashe talabijin, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Ban taɓa yi miki dole ba, ya binti, 'yata, ba kuwa zan fara da furfurata ba," in ji shi. "Amma ɗan mutane ba kujera ba ne da za a jingine shi a lungu. Gobe Juma'a za mu fita, ku zaga ku yi magana. Kafin magariba ina son amsa. In e, e. In a'a, halas, shi ke nan, ya nemi wata."

Da aka tambayi mahaifiyarta, Hajiya Zubaidatu, wadda suke kira Yumma, ina take son a je, ba ta yi wani dogon tunani ba ta ce fanar. Ita dai a duk faɗin Jidda ba inda ya kwanta mata kamar wurin nan, can inda teku ya kutso cikin ƙasa ya yi dogon wuya kamar kogi, ga fanar ɗin, tsohuwar hasumiyar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, tsaye a bakinsa. Wai yana tuna mata bakin kogin Mai Wurno, garinsu na Sudan, wanda rabonta da shi shekara talatin da ɗaya. Ciwon suga ya cinye mata fiye da rabin gani, amma hanci da kunne suna nan daram, iskar ruwan kawai take so.

Najwa ta so ta ce a canza wuri, sai ta fasa. In ta ce a canza za a tambaye ta dalili, dalilin kuwa sunansa Rafi'u.

Rafi'u tela ne, mutumin Funtua. Umra ce ta kawo shi shekara bakwai da suka wuce, aka gama umra shi bai gama ba, ya shige unguwar Karantina ya kama ɗinki a wani ɗan shago da ke manne da gidan su Najwa. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya masa, daga shi sai baƙin kekensa na ɗinki. Ta bango ta fara saninsa. Kafin ta san fuskarsa ta san lokacin da keken yake fara ƙara da safe, da lokacin da yake yin shiru in an kira sallah. Ranar da aka zo rusa unguwar, mutane na ta fitar da firji da katifu, shi kekensa kawai ya saɓa a kafaɗa ya kai bakin titi, ya dawo ya taya Malam Muntaka kwashe kaya har gilashi ya yanke shi a hannu.

Duk da haka da ya aiko neman aure, Malam Muntaka ya ce a'a, kuma tsakani da Allah ba don ƙiyayya ba.

"Mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma wa zai rubuta mini aurensa? Gobe ku haihu, a rubuta abin da kuka haifa ɗan wa? Ba asibiti, ba makaranta. Ya kawo iƙama yau, gobe in ɗaura."

Wannan "ya kawo iƙama" ita Najwa ta ɗauka ta yi ta juyawa a ranta, har ta juyo dabarar da take ganin ba wanda ya taɓa yin mai kyanta. Rafi'u ya je ya miƙa kansa, a mai da shi gida ta tarhil, wato korar marasa takarda, sannan a nemo masa kafili ya dawo da biza kamar kowa. Ya yi yadda ta ce. Wata takwas ke nan da tafiyarsa. Kekensa ya bar mata amana, yana lulluɓe a ɗakin ajiyarsu, duk Juma'a da safe sai ta buɗe shi ta goge ta ɗiɗɗiga masa mai. Ko yau sai da ta yi kafin su fito.

Sun iso bayan la'asar. Fanar ɗin na nan yadda ta bar shi, dogo, fari, fentinsa ya ɓaɓɓare ta gefen teku, ƙofarsa ta ƙarfe da ƙaton kwaɗo mai tsatsa. Aka shimfiɗa tabarma a inuwarsa, aka zaunar da Hajiya tana fuskantar ruwa. Kafin a buɗe kwanon sambusa kyanwowi biyu sun riga sun zo gaisuwa.

"Yalla, ku tafi," Malam Muntaka ya ce yana cire takalmi. "Ga mamsha nan, ku bi ta a hankali. Kada dai ku ɓace mana da gani."

Mamshar hanya ce ta masu tafiya a ƙasa, an shimfiɗa mata duwatsu, ta bi bakin ruwa tana lanƙwasa, can gaba ta koma turbar yashi tsakanin 'yan gajerun itatuwa. Masunta na zazzaune a kan duwatsu da ƙugiyoyinsu. Mus'ab na gaba da taku ɗaya, Najwa na binsa tana riƙe da bakin abayarta don iska.

Mus'ab ba mummuna ba ne, kada a yi masa ƙarya. Shekararsa talatin da huɗu, farar riga tas, waya biyu, da ɗan tumbi irin na masu wuni a mota. Aikinsa bin takardun mutane daga wannan ofis zuwa wancan, sabunta iƙama, sauya kafili, bizar fita da dawowa. A dangi in takarda ta cije shi ake kira. Laifinsa guda ɗaya ne a wurin Najwa, shi ba Rafi'u ba ne.

Sai da suka yi nisa sannan ya yi gyaran murya.

"Na samu gida a unguwar Kurayyat," ya ce. "A ƙasa yake, ba hawa. Ɗaki uku. Ɗaya na ce na Yumma ne duk ranar da ta so, don na san ba za ki iya nisa da ita ba. Wa zai riƙa yi mata allura?"

"Allah Ya saka da alheri, Yaya Mus'ab."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

Ta tsaya. Maganar da ta kwana tana shiryawa ce, kuma ta san rashin kunya ce tsagwaronta, amma wanda ya yi wata takwas yana jira kunyarsa ta riga ta ƙare.

"Yaya Mus'ab, in roƙe ka wani abu, don Allah, don zumunci?"

"Faɗi."

"Kafili nake so ka nemo mini. Mai shagon ɗinki, ko ma mene ne. Wanda zai aika wa Rafi'u biza. Shi can yana ta fama, kullum sai ya ce mini an kusa, an kusa, ni kuma na san a hannunka abin ba zai wuce sati biyu ba. Wallahi na san bai kamata in tambaye ka ba, kai da ka fito neman amsarka. Amma ba ni da wani sai kai."

Mus'ab ya juyo gaba ɗaya yana kallonta. Ta zaci faɗa zai yi, ta ma shirya sha. Sai ta ga fuskarsa ta yi wani iri, kamar wanda aka nuna wa hoton mamaci.

"Najwa, ta ina ya fita?"

"Ta tarhil mana. Ka sani ai."

"An ɗauki basmarsa, zanen yatsunsa?"

"Yatsu goma. Ya ce har hoto aka yi masa."

"To halas."

"Halas me?"

"Halas, Najwa. Wanda aka fitar ta tarhil, yatsunsa na cikin na'ura. Ko kafili goma ya samu, bizar aiki ba za ta fito ba. Ko ya sake fasfo, ko ya sake suna, yana ɗora yatsa a filin jirgi za a mai da shi. Ba sati biyu ba, ba shekara biyu ba."

Ta yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba.

"La, la, ba haka ba ne. Mijin Khala Mastura fa? Haka ya yi. Ya miƙa kansa, wata shida ya dawo da biza, ga shi nan har yau yana sayar da turare. A gabana ta ba da labarin a gidan biki, mata sun fi ashirin, kowa ta ce haka ake yi."

"Wace shekara ya yi?"

Ta shiga lissafi a ranta.

"Kina aji uku a lokacin," ya ce a hankali. "Ba a fara ɗaukar yatsu ba. Mutum ya tafi a Usman ya dawo a Sadiƙ, ba mai tambayarsa. Wannan zamanin ya wuce tun ba yau ba, sai a bakin mata a gidan biki."

Ta lallaɓa ta zauna a kan wani dutse a gefen hanya, ba ta ko duba ko da jiƙa ba. Ruwa na dukan duwatsu a ƙasanta, can nesa tana hango iyayenta ƙanana a gindin fanar, mahaifinta na zuba shayi.

A nan ne fa. In ba a kan wannan dutsen ba, to a kan na kusa da shi. Wata takwas da suka wuce ita ce ta lallaɓi Hajiya ta rako su a ɓoye, tsohuwar ta zauna a inuwa, su kuma suka biyo wannan hanyar. Rafi'u bai so ba. Ya ce mata shi gabansa na faɗuwa da maganar, a bari ya ƙara tambaya. Ana cikin haka wata mota ta wuce can bakin titi da jiniya, sai kawai ta ga ya duƙa bayan itace, namiji guda. Motar asibiti ce ma. Abin ya ba ta haushi, ya ba ta kunya, bakinta ya riga hankalinta.

"Na gaji, Rafi'u," ta ce masa ran nan. "Na gaji da son mutumin da ke ɓuya in ya ji jiniya. In kana sona ka fita ta ƙofa ka dawo ta ƙofa. In ba za ka iya ba, kada ka ƙara kirana."

Ya miƙe ya kaɗe yashin gwiwarsa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon fanar ɗin, sannan ya yi murmushi ya ce ranar da zai dawo zai nemi kujerar taga, in ya hango fitilar nan daga sama ya san ya iso. Bayan kwana shida ya kawo mata keke.

Hawaye suka ɓalle mata, ba ta ko yi ƙoƙarin tare su ba.

"Ni ce," take faɗi. "Ni na tura shi. Da hannuna, da bakina. Ya ce a bari ya tambaya, na hana shi. Ya Rabbi, me ya sa ba wanda ya gaya mini? Gari guda, dangi guda, ba wanda ya..."

Sai ta tsaya cak. Ta ɗago jajayen idanunta.

"Na tambaye ka."

Mus'ab ya kau da kai wajen ruwa.

"Yaya Mus'ab, na tambaye ka! Ranar da ka kawo wa Baba iƙamarsa da ka sabunta. A ƙofar kicin. Na ce maka wata ƙawata ce take tambaya, in mutum ya miƙa kansa zai iya dawowa da biza? Me ka ce mini?"

Ya sunkuyar da kai.

"Me ka ce mini?"

"Na ce mutane suna yi."

"Ka ce mutane suna yi."

"Ban yi ƙarya ba, Najwa, suna..." Ya kasa ƙarasawa. Ya sa hannu ya share fuskarsa tun daga goshi har gemu. "A'a. Ba zan kare kaina ba. Na san ba wata ƙawa. Na san wa kike nufi, kuma na san abin da zai faru. Kalma ɗaya ce a bakina, in ce miki kada ya kuskura. Na ji ta ta zo nan, na haɗiye. Na ce a raina ai ba ni na ba da shawarar ba. Na shiga mota ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi, har na sayi kunafa, kayan zaƙin nan, na kai gida."

"Kunafa," ta maimaita, kamar ba ta taɓa jin kalmar ba.

"Tun kina 'yar makaranta nake sonki. Na zaci in ya tafi za ki yi kuka wata ɗaya, wata biyu, ki haƙura. Ban san za ki riƙa shafa wa kekensa mai duk Juma'a ba. Yumma ce ta gaya mini, tana dariya, ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba. Na yi niyyar in yi shiru har a ɗaura, har in mutu ma. Amma da kika dube ni yanzu kika ce ba ki da wani sai ni..." Ya juyo ya dube ta. "Samihini, Najwa. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta zaro wayarta daga jaka.

"Matsa can," ta ce.

Ya matsa, ya tsaya nesa kusa da wani masunci, ya juya mata baya.

A Funtua an sauko daga Juma'a ke nan. Sau huɗu wayar ta yi ƙara kafin a ɗauka. Abin da ta fara ji ƙarar keken ɗinki ne, wani keke mai gwaf-gwaf kamar zai tarwatse, ba irin tattausar muryar nasa ba. Ƙarar ta tsaya.

"Ranki ya daɗe," Rafi'u ya ce da fara'arsa ta kullum. "Yau da rana tsaka? Ai kin yi sa'a, mai keken ya tafi cin abinci, na ɗan hau kafin ya dawo. Albishirinki, jiya na je wajen ejan ɗin nan, ya ce in Allah Ya yarda ƙarshen wata..."

"Rafi'u, ka sani?"

"Na san me?"

"Basma. Ka san ba za ka dawo ba?"

Ta duba wayar ko ta yanke. Tana jin hayaniyar kasuwa, wani na tallan ruwa, babur na wucewa.

"Wa ya gaya miki?"

"Ashe ka sani." Kuka ya ci ƙarfinta. "Yaushe? Bayan ka isa?"

"A'a."

"A gidan tarhil?"

"Kafin nan." Ya ja dogon numfashi. "Kwana uku na yi a ƙarƙashin gadar da ake zama a jira motar kamu. A rana ta biyu wani dattijo ɗan Nijar da ke kusa da ni ya tambaye ni ina da kowa a garin, na ce ina da wadda zan dawo in aura. Sai ya kama hannuna ya dubi yatsuna ya ce, ɗana, in ka ba su waɗannan ka ba su ita. Ya yi mini bayani tas. Ya ce tashi ka tafi tun motar ba ta zo ba."

"To me ya hana ka tashi? Me ya hana ka kira ni? Kalma ɗaya, Rafi'u! Da na zo da kaina na janye ka!"

"Na tashi. Har na kai bakin titi."

"To?"

"Sai wata mota ta wuce da jiniya, na ga kaina a bayan kwandon shara." Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Ina tsugune a wurin na tuna fuskarki ran nan. Ba maganar ce ta fi yi mini ciwo ba, Najwa, fuskar ce. Na ce yanzu in koma in ce mata me? In koma in ci gaba da ɓuya, ta ci gaba da jirana, shekara biyar, shekara goma, har ta tsufa a ɗakin babanta? Baba ya yi gaskiya, ke ma kin yi gaskiya. Ba ni da ƙofar shiga gidanku, ko na tafi ko na zauna. Sai na koma na zauna kusa da dattijon."

"Ban yi gaskiya ba! Haushi ne, wallahi haushi ne, ban san abin da nake faɗi ba. Da ka zauna ko ba aure ina ganinka. Ko ba komai ina jin kekenka."

"Na sani."

"To don me ka yi wata takwas kana ce mini an kusa?"

"Tsoro," ya ce. "Kin san ni da tsoro. Kullum in ce yau zan gaya mata, in kin ɗauka na ji muryarki sai in ce bari gobe. Ba wani ejan, Najwa. Ban taɓa zuwa wajen kowa ba. Ki yafe mini wannan."

Yau dai kowa yafiyarta yake nema, ita da ta fi kowa laifi a ganinta. Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe tsaye.

"To ni zan zo. Zan zo Funtua. A ɗaura a can."

"Ki zo da me? Iƙamarki a kan Baba take. In kika fito fitar ƙarshe, kin san dawowarki ba a hannunki take ba. Ba ki taɓa taka Nijeriya ba, Hausar ma rabinta Larabci kike yi, a kasuwar nan dariya za su yi miki." Ya so ya mai da abin wasa, muryar ta ƙi ba shi haɗin kai. "Bar wannan ma, duk zan iya da shi. Yumma fa? Wa zai yi mata allura safe da yamma? Wa zai karanta mata sunan magani? Ke kaɗai gare ta. Tsohuwar da ta rako mu har bakin ruwa a ɓoye, ita zan saka wa da ɗauke mata idonta?"

Najwa ta juya ta dubi gindin fanar. Hajiya ta miƙa hannu tana laluben kofinta a kan tabarma, ta wuce shi, ta dawo, ta sake wucewa. Malam Muntaka na can yana kallon jiragen ruwa, bai lura ba.



"Kina ina ne? Ina jin ruwa," ya ce.

"Fanar."

"Allah sarki. Kin san ranar da aka ɗauko mu, na samu taga kuwa. Na yi ta leƙe ko zan hango fitilar, ban ga komai ba. Wani a jirgin ya ce mini ai an daina kunna ta tun kafin a haife mu."

"Rafi'u..."

"Alfarma ɗaya zan roƙa, kada ki ji haushi. Keken nan. Na aro na gaji, sai mai shi ya tashi nake samun hawa. In da hali a sa mini shi a kargo. Zan turo adireshi."

Duk abin da aka faɗa yau ba wanda ya soke ta kamar wannan. Muddin keken na ɗakin ajiyarsu, to mai shi yana hanya, haka ta yi wata takwas tana gaya wa kanta.

"In na aiko maka da shi, ni me ya rage mini?"

"Ga mai keken nan ya dawo," ya ce da sauri, ta kuwa ji sarai kuka yake dannewa. "Ki gaishe da Yumma. Ki ce tela na gaishe ta."

Wayar ta yanke.

Rana ta yi ja ta sunkuya kan teku lokacin da suka kamo hanyar dawowa. Wannan karon ita ce a gaba, Mus'ab na binta a baya kamar wanda aka kama da kayan sata. Masunta sun fara naɗe zarensu. Sai da suka kusa tabarma, inda ba za a ji su ba tukuna, ta tsaya ba tare da ta juyo ba.

"Gobe da safe ka zo gida ka ɗauki keken. Kai za ka sauko da shi, kai za ka kai shi kargo, kai za ka rubuta sunansa a jikin kwalin da hannunka."

"Na ji."

"Kada ka bari su jefa shi. A naɗe shi da bargo."

"Na ji, Najwa. Maganarmu kuma..."

Ta wuce ta bar shi da sauran maganar a baki.

Malam Muntaka ya dubi idanunta, ya dubi na ɗan yayansa, ya ajiye kofinsa a hankali.

"To, ya binti? Ga magariba ta kawo kai."

Najwa ta durƙusa a gefen mahaifiyarta, ta ɗauki kofin da tsohuwar ta gaji da nema ta sa mata a hannu.

"A'a ce, Baba," ta ce. "Ya nemi wata."

"Saboda telan dai? Har yanzu jiran nasa za ki yi?"

"Ba zai dawo ba, Baba. Ba wanda nake jira."

Malam Muntaka ya buɗe baki zai yi magana, Mus'ab ya girgiza masa kai, ya juya ya nufi mota. Hajiya Zubaidatu ta laluba ta kamo hannun 'yarta, ta kai shi hancinta. Har yanzu da ɗan warin man keke a yatsun. Ta riƙe hannun gam a cinyarta, ta ɗaga kai sama wajen da take zaton hasumiyar take.

"Najwa, duba mini, sun kunna fitilar? Ni duhu-duhu kawai nake gani."

Najwa ta ɗaga kai ta dubi gilashin da ke can ƙololuwa, ƙura ta rufe shi, tsuntsaye na shiga suna fita ta inda ya fashe.

"Ba su kunna ba, Yumma," ta ce. "Tashi mu je gida, lokacin allurarki ya yi."